Tudun da Ake Samun Sabis

Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Giyawa, kuma da gemuna na kamu da wasan dodanni na waya. Mu uku muke yi tare: ni, da wani malamin makaranta a Wurno, da wani mai sayar da albasa a Rabah. Aikina a cikinmu bin sawu. Ni nake lura da inda kowane dodo yake fitowa, da yaushe yake dawowa bayan an kashe shi, da abin da yake zubarwa idan ya faɗi. Wani tarkace kawai yake bari, wani kuwa, in da rabo, sulke ko takobi. Duk maɓoyar da na gano sai in sa mata jan ɗigo a taswirar wasan.

Matsalar ita ce sabis. A garinmu ba ka samunsa sai a kan wani tudu bayan gonakin gero, dab da bakin daji. Babban dodon da muke fako kuwa bayan la'asar yake fitowa. Don haka ana idar da salla sai in rufe shago in nufi tudun ni kaɗai.

Wautata ba ta bar ni na dubi kaina da idon mutane ba. Lokaci ne da 'yan bindiga suka addabi yankin, kuma kowa ya san da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da yake fita bakin daji kullum shi kaɗai, yana magana ƙasa-ƙasa a waya, suna ɗaya ake ba shi a wurinmu: infoma. Na san abin da ake yi wa infoma, don na taɓa gani.

Wata rana na ɗago kai sai ga 'yan sa-kai sun kewaye ni. Shugabansu dattijo ne, abokin mahaifina, kuma ni na ɗinka rigar da ke jikinsa. Bai amsa gaisuwata ba.

"Mi kaka yi nan kullum?"

"Wasa na, Baba."

Ya karɓi wayar. Ya ga taswira da rafi da itatuwa, ga jajayen ɗigo birjik.

"Wagga alama hwa, gidan wa?"

"Ba gida ba na, Baba. Wurin dodo na."

"Da wa kaka magana?"

"Abokaina, guda Wurno, guda Rabah."

"Ɗiyan wa?"

Ni da abokan nan mun daɗe tare a wasan, na san muryarsu, na san dariyarsu, amma ban taɓa ganinsu ba, balle in san iyayensu. A ƙasarmu kuwa, wanda ba ka san gidansu ba, ba abokinka ba ne. Na ji ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya gyara bindiga a bayana. Tsoro ya kama ni, na shiga salati a zuci.

Muna cikin haka dodon ya fito a wayar, daidai kan ɗigon da na sa. Ya yi ruri, ya tattake mutumina na cikin wasan a kan idon dattijon. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo mini wayar.

"Tahi gida. Albarkacin ubanka ka ci."

Bai ce ya yarda da ni ba. Na jira ya faɗa, bai faɗa ba.

Ban sake hawa tudun ba. Amma har yau, duk ranar da aka ce 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye kusa da mu, ba na iya zaman shago. Sai in bar wayar a gida, in je majalisar ƙofar masallaci inda dattijon yake, in zauna kusa da shi, in ɗora hannuwana a kan gwiwa inda kowa zai gan su.