Ranar da likita ya sa na yi rashin kunya a Lyon

Mijina bai cika shekara da rasuwa ba, kuka nake yi ko a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai 'yar farina ta kira ni daga Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon. Ta ce ba ta iya cin abinci. Tun da aka yaye ta a Damagaram muka ba matar yayan mijina riƙonta, ta tashi tana kiranta Inna, ni kuwa Hajiya. A wurinmu ba a nuna ɗan fari, ban taɓa faɗin ko sunanta ba, balle in gaya mata ni na haife ta. Ciwon daji na nono ya kashe mai riƙon. A lokacin an fara wani gwajin jini da ke nuna ko mutum ya gaji ciwon, yarinya ta tsorata har ta ce ta fasa aurenta, kada ta haifi 'ya'ya ta bar su marayu.

Na bar unguwarmu Belleville na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon na raka ta asibiti. Likitan ya zana danginmu a takarda, ya shafa baƙi a gurbin uwa, alamar mai ciwon. Ba na jin Faransanci, ita ce tafintata. Na ce ta gaya masa a bar marigayiya ta huta, ba ruwanta. Ya tambayi dalili. Na ce jininsu bai haɗu ba. Ya ce to wa ta haife ta? Na ce wata mata ce, tana nan lafiya, har tuwo take ci kwano biyu. Ya gyara tabarau, ya ce yana son ganin matar.

Na dubi bango na ce, "Ki ce masa ga ta zaune."

Ba ta fassara ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Hajiya, wata uku ina zaɓen wanda zan bar wa kayana."

Na ce ai ban san takarda za ta kai mu nan ba. Likitan ya goge baƙin, ya bi dangina da na mijina ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan malam mijina na yi kukana, suka jira. Bai sami mai ciwon ba, ya ce gwajin ba dole ba ne.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ajiye mini atamfar biki a kan gado, ta ce uwar amarya ce ke kai ɗinki.