Bencinan Kawu a Matakalar Baya

Kawuna kafinta ne, kuma makaranta ɗaya ya yi wa aiki tun yana saurayi, wata tsohuwar firamare mai bene a bayan tashar mota. Yara suna ce masa Baba Kar-a-yar. Ba su yi ƙarya ba, don ko lanƙwasasshiyar ƙusa ya gani a ƙasa sai ya tsuguna ya ɗauka, ya miƙar da ita da guduma. Mahaifiyata takan ce da yayan nan nata zai iya, da dusar katako ma ya tattara ya mayar da ita benci.

Ginin ya girme shi. Silin ya yi ciki, wayoyin lantarki suna reto a bango an naɗe su da leda, tagogin sama kuwa duk an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi. Matakala biyu ce: ta gaba da kowa ke bi, da wata siririya a baya da aka yi don ranar tsautsayi. Da rufin ɗakin aikinsa ya fara yoyo, Kawu ya kwashe karyayyun bencina ya kai su matakalar baya. Kuma ba jibgewa yake yi ba, saƙa su yake, ƙafar wannan cikin wancan, ya bi da waya ya ɗaure, yadda mai neman itacen girki ba zai zare ko ɗaya ba. Hedimasta ya gani ya kawar da kai, tunda daga nan ake samo abin gyara.

Aji ɗaya ne ya rage a sama, sauran an rufe su saboda silin. Mai koyarwa a ajin ita ce 'yar Kawu ta fari, wadda nake kira Yaya. Ta sha yi masa magana.

"Baba, don girman Allah ka kwashe katakon nan. In wani abu ya faru, ta ina zan bi da 'ya'yan mutane?"

"Ke dai ki daina yi mana mugun fata. Tun ba a haife ki ba ginin nan yake tsaye. Bari a yi hutu."

Hutu ya zo ya wuce, wani ma ya zo. Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake, ga shi kuma mutumin ba mugu ba ne. Bai taɓa yarda wani yaro ya zauna a ƙasa ba, ko da zai wuni bai ci komai ba yana buga ƙusa.

Wata rana da hantsi waya ta yi tartsatsi a ƙarƙashin matakalar gaba, inda ake tara tsofaffin kwalaye. Aka ciro jan gwangwanin kashe gobara daga bango, ashe tsatsa ta cinye bakinsa, ko tari bai yi ba. Kafin a kawo ruwa wuta ta tare matakalar. Yaya ta koro yaranta zuwa ta baya.

Kawu ya zo ta ƙasa a guje. Ya ja benci ɗaya, ya ƙi motsi. Ya ja wani, shi ma haka, don aikin hannunsa ne kuma ya yi shi da kyau. Ya koma sara da guduma da zarto, yana kuka yana salati, har ya samu ya huda wata kafa a cikin bencinan ta gefen bango, daidai kafaɗar yaro. Ta nan Yaya ta riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi yana biyo su, mutane suna karɓa daga hannun Kawu suna fitarwa.

"Baba, karɓi wannan," ta ce, muryarta ta dishe. "Ita ce ta ƙarshe."

Ya karɓi yarinyar ya miƙa baya. Sannan ya zura hannunsa cikin kafar har kafaɗa, yana lalube, yana kiran sunanta. Ba wanda ya kama hannun.