Kalmar da Baba Nomau Ya Kawo daga Argungu

A ƙauyenmu na kusa da Kiéché, in an gama tuwon dare lokacin sanyi, Kaka kan hura wutar kara a bakin ɗakinta mu kewaye ta. Ita ta riƙe ni, domin ban san ubana ba. Shekarar da mutanen kwamandan Turawan mulki suka zo ɗibar maza aikin hanya, wansa Baba Nomau aka zaɓa. Ya tsere ƙasar Ingilishi, aka kama ubana a madadinsa. Ubana bai dawo ba.

Ina yaro Baba Nomau ya komo daga Argungu da keke da wata kalmar Turanci, "sori". In ya taka ƙafar mutum, sori. In jakinsa ya ci geron maƙwabci, sori. A wajenmu, wanda ya yi babban laifi dattijo yake nema ya raka shi, ya cire takalmi, ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Kaka ta jira wannan. Shi kuwa daga tsaye ya ce, "Sori, Inna," ya miƙa mata turmin atamfa. Ba ta taɓa ɗinka shi ba.

Ni dai keken ya saye ni. Na kama kalmar ina yawo da ita, har in na zubar da fura in ce wa Kaka sori.

Wani dare Baba Nomau yana zaune can gefe yana jin ɗumi, Kaka ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya ta taho, ba ta da tsawo."

Wai kura ce ta je kasuwa mai nisa ta sayo ɗan faifai. Duk ɓarnar da ta yi, sai ta ɗora shi a kai ta ce an rufe magana. Ta fasa tulun zomo, ta ɗora. Ta cinye ɗan akuya, ta ɗora kan ƙasusuwan, uwar tana kallo. Ran nan kura ta faɗa rijiya, tana ta kira. Akuya ta leƙa, ta ɗauki faifan ta aje a bakin rijiyar, ta yi gaba.

Na ce, "Kaka, ai faifai bai rufe rijiya."

Ta ce, "Bai ruhewa, ɗan nan. Mi ya taɓa ruhewa?"

Baba Nomau ya yi dariya ya ce tsohuwa ta iya shiri, ya tashi ya tafi. Har ta rasu bai durƙusa ba.

Na girma, na zama ɗan tireda a Dogon Dutsi, kalmar tana bakina. Matata ta sha ta, 'ya'yana ma. Da Baba Nomau ya tsufa ya makance, ya aika a kira ni. Na same shi ya sauko daga gado, gwiwoyinsa a ƙasa, ba takalmi. Ya lalubo hannuna ya ce, "Ɗana, zamna. Ina so in hwaɗi maka yadda na bar ubanka."

Na san abin da Kaka ta mutu tana jira ke nan. Na zare hannuna na ce, "Sori, Baba, ana jirana a kasuwa."

Babu mai jirana. Kafin in sake komawa an binne shi.

A da ina ɗauka akuyar ce ta yi nasara a tatsuniyar. Kaka ba ta taɓa gaya mana yadda ta kwana ba bayan ta bar bakin rijiyar. Yanzu na sani. Allah Ya yafe mana, ni da shi.