Baitin da Malam Ya Ce In Cire

Matso kusa ka ji. Jiya jikata ta zuba ruwa a sabuwar randa a nan gidanmu na Garki, ƙamshin yumɓun nan ya tashi, sai ga ni a Kwali, ina yarinya, ina dakan yumɓu a tsakar gidan kakata.

Ni dai boko bai zauna mini ba, amma kunne Allah ya ba ni. Da taɓarya a hannu nake ƙirƙirar waƙa. Maƙwabcinmu kuwa wani tsohon malamin makaranta ne, mai koyar da rubutacciyar waƙa. Da rani, in an fara gasa tukwane, yakan jawo kujerarsa jikin zanarmu, wai inuwa yake nema. Kakata ba ta yarda da shi ba. Takan ce, "Inuwa a gefen wuta? Kunne ya kawo."

Da bikin yayata ya matso, na haɗa mata waƙar rakiya, ni zan rera gaban mata. Na kai masa a ɓoye ya gyara. Ya ce, "'Yata, kar ki jawo kalma don ƙarshenta ya yi daidai da na 'yar'uwarta. Rera kina daka. Inda taɓarya ta jira ki, baitin ya yi nauyi." Wannan na gane. Amma da na zo baitin da na fi so, inda na kamanta yayata da wata da taurari, sai ya ce in maimaita. Na maimaita, yana lumshe ido. Sannan ya ce, "Cire shi. Kowace amarya wata ce. Bar wanda kika ce ita ke ɗauke miki tulu a hanyar rafi."

Na yi ta juyayi. Mutumin nan yana shiga gari, an ce mawaƙan siyasa na zuwa wurinsa neman baitoci. Duk da haka na cire.

Ranar rakiya, ina kaiwa kan tulun nan yayata ta fashe da kuka cikin mayafi. Waƙa ta ci. Baitin watan kuwa ya ɓace mini ɓat, har yau na kasa tuno shi.

Yaran yanzu a waya suke waƙa, su goge, su dawo da abinsu. Ni nawa yana wurin malamin nan, shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Don Allah faɗa mini, abin da za a zubar, me ya sa sai an ji shi sau biyu?