Hatimi Goma Sha Ɗaya a Fasfon Mahaifina

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, na taɓa kai mahaifina Kanada. Waɗanda ke zama wurina a Bi'ir Ali, nan bakin Madina, sun sha jin gutsuren labarin. Yau bari in ba ku shi gaba ɗaya, tunda shi kansa mai labarin, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɓoye shi ba.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, lokacin ina sana'ar tsofaffin bas. Da sayar wa alhazai harami da silifa na fara a bakin miƙati, inda alhazai ke ɗaura harami, na koma taya da batir, daga nan na shiga sayen bas ɗin da ta gaji da jigilar Makka da Madina, in gyara in sayar. Ƙanena kuwa yana karatu a wani birni na bakin teku can yammacin Kanada. Sai ya rubuto cewa birnin yana bikin cika shekara ɗari, an kafa baje-kolin duniya, ƙasashe sun zo kowacce da rumfarta, kuma duk abin a kan sufuri ne. Ya ce, "Yaya, ka zo ka ga mota ta gaske, ka huta da yi wa gawa wanka."

Aikin Hajji ya ƙare, kasuwa ta lafa, na ce zan je. Mahaifina yana kishingiɗe a gidanmu na unguwar Ƙurban ya ce, "Da ni za a tafi." Na ce, "Baba, tafiyar da nisa, ga sanyi." Ya kalle ni ya ce, "Kai ɗan kasuwa, ni za ka gaya wa nisa?"

Mutumin nan yana yaro iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Katsina a ƙafa, suna tafiya suna tsayawa noma, har ya zama saurayi a Sudan. A bakin Bahar Maliya an taɓa tsare su wata da watanni saboda takardarsu ba hatimi, har kakata ta rasu a wurin ba ta ga Ka'aba ba. Ya shigo Madina, ya yi dako, ya yi gini, bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba sai da kansa ya yi fari. Fasfonsa na farko shi ne wanda muka yi wannan tafiyar da shi. Jakar fata ya sa aka ɗinka masa, yana rataye ta a ƙarƙashin riga. Ko ni ban isa in riƙe masa ba.

Ni dai ban taɓa ganin wuri irin wannan baje-kolin ba, kuma har yau ban sake gani ba. An shimfiɗa shi a gefen ruwa, ka yi tafiyar sa'a guda ba ka kai ƙarshensa ba. Jirgin ƙasan da ya kawo mu a sama yake tafiya, kuma ba direba. Baba ya leƙa gaba, ya ga ba kowa, ya dawo ya zauna yana salati, sannan ya ce, "To idan ya yi laifi wa za a zaga?" Ga wasu akwatuna rataye a waya suna ratsa sama da mutane a ciki. Ga wani gini kamar ƙwallon azurfa, a cikinsa ana nuna majigi da ke lulluɓe ka ta ko'ina har ka kama kujera.

Amma abin da ya fi burge ni, a matsayina na wanda ya girma a cikin cunkoson alhazai, shi ne layi. Dubban mutane, ba mai ture wani, ba mai kutse. An kewaya igiya kamar hanji, kowa ya bi, an rubuta a allo minti nawa ya rage ka shiga. Na tsaya ina lissafin yadda za a yi wannan a bakin miƙati ranar da bas ɗari suka sauke mutane lokaci guda. Ga tsabta: ka yar da ƙwallon dabino, kafin ka waiwaya an share. Kuma duk rumfar da ka shiga, 'yan ƙasar ne da kansu a ciki, da tufafinsu da ƙamshin abincinsu. Ƙasashen da muke ji a rediyo suna nuna wa juna yatsa, ga su nan maƙwabta, bango ɗaya ya raba su. A rumfar ƙasarmu Saudiyya na ga wata Baturiya ta tsaya gaban hoton Masallacin Annabi ta daɗe ba ta motsa ba. Baba ya ce, "Gaya mata gidanmu yana bayan nan."

A bakin ƙofa ana sayar da wani ɗan littafi mai kamar fasfo. Na wasa ne. Duk rumfar da ka shiga sai su buga maka hatimin ƙasarsu, ka koma gida da shi abin tunawa. Ƙanena ya ce a saya mana. Na ce, "Wannan wayon 'yan kasuwa ne, ni ba a yi mini shi. Su sayar maka da takarda ba komai a ciki, kai ka cika musu da ƙafarka." Muka wuce. Baba yana gaba da mu, bai ji zancen ba, ni kuma ban ga dalilin yi masa bayani ba.

Rana ta uku na ce yau ranar bas ce. Ina bukatar ƙanena ya yi mini tafinta, don Turancina bai wuce na farashi ba. Muka zaunar da Baba a wani benci kusa da ruwa bayan azahar, da shayinsa da carbinsa, na ce, "Baba, kada ka motsa, yanzu za mu dawo." Ya ce, "Tayyib."

Yanzun nan ta zama sa'a uku. Na shiga ƙarƙashin wata bas mai lanƙwasa a tsakiya, na ga wata da ke durƙusawa kamar raƙumi don tsoho ya hau ba wahala, na manta da duniya. Da muka dawo, Baba yana nan a bencinsa, sai dai fuskarsa tana sheƙi kamar wanda ya dawo daga Arfa.

Ya ce, "Kuna can ƙarƙashin mota, ni na zaga duniya." Ya zaro jakar fatar, ya buɗe fasfon a cinyarsa. "Kuma ban shiga ƙasar kowa ta bayan gida ba. Duba."

Na duba. Shafi bayan shafi, ja, shuɗi, kore, hatimi goma sha ɗaya. Ya ga mutane suna layi suna miƙa littafi a buga musu, shi kuwa a saninsa ba a shiga ƙasar mutane ba hatimi, sai ya bi layi da nasa na gaske. Ya ce wata yarinya ta so ta hana shi, tana ta surutu tana girgiza kai, shi kuma ya dafa shafin da yatsa ya ƙi ɗagawa har ta buga. "Ta ga baƙin tsoho ta ɗauka ban san haƙƙina ba."

Ƙanena ya karɓa yana karantawa, yana dariya, sai ya daina dariyar. Ya nuna mini hatimi biyu. Ɗaya na Tarayyar Sobiyet, ɗaya na Sin.

Yaran yanzu ba za su gane ba. A wancan zamani mai fasfon Saudiyya ba ya zuwa ƙasashen kwaminisanci sai da izini. A ga hatiminsu a fasfonka, magana ce ta bincike. Wanda kakanninsa suka tashi a ƙasar zai iya ɗaukar abin da sauƙi. Amma mutumin da ya samu takardarsa da furfura, tsoronsa ɗaya ne a duniya: a kira shi ofis a ce a sake duba fayil ɗinsa. Da muka yi masa bayani, sai ya karɓi abinsa daga hannun ƙanena. Ya rufe fasfon, ya mayar cikin jaka.

Ni kuwa nan take kwanyata ta fara aiki irin na kasuwa. Washegari da safe na zo masa da shawara har uku. Ta farko, mu manna shafukan da gam, biyu su zama ɗaya. Ta biyu, mu bar shi a aljihun riga mu jefa a injin wanki, tawada ta narke. Ta uku, wadda na fi so, mu ce ya ɓace a cunkoso, a ba shi takardar komawa gida.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ka gama?"

Na ce, "Baba, wallahi ta ukun ba wanda zai gane."

Ya ce, "Za a sa ni in sa hannu cewa ya ɓace?"

"Sa hannu kawai."

"Alhali yana ina?"

Na ce, "A cikin teku, in ka yarda."

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Yanzu ni wawa ne, kuma wauta ba ta kai mutum kurkuku. Kai so kake ka mayar da ni maƙaryaci a kan takardar hukuma. Shekara arba'in ina jiran littafin nan, ba ni zan jefa shi a ruwa ba." Ƙanena ya ce ko mu nemi wata takarda daga masu baje-kolin. Baba ya ce, "Ku sayo mini littafin wasan nan da kuka hana ni, khalas, shi ke nan."

Na sayo, da hannuna. Ya sa muka sake bin rumfunan nan goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, aka buga masa hatiman a littafin wasan. A rumfar Sobiyet ma ya tsaya ya sake kallon wani ɗakin ƙarfe da suke cewa mutanensu na kwana a cikinsa a sararin sama, ya ce, "Masu wannan aikin, Allah ya shirye su, ba ragwaye ba ne."

A jirgin dawowa ban iya cin komai ba. Ina ta addu'a Allah ya haɗa mu da ma'aikacin da ya gaji, wanda zai buga ba tare da ya buɗe shafuka ba. Da muka sauka Jidda na ce, "Baba, ka miƙa shi a rufe, kada ka ce komai sai an tambaye ka." Ya ce, "Tayyib." Na riga na san irin wannan tayyib ɗin.

Yana isa gaban tebur ya buɗe fasfon daidai shafin Sobiyet, ya ajiye littafin wasan a gefensa a buɗe, ya ce da Larabcinsa na Madina, "Ɗana, kafin ka buga, na yi kuskure, ga shi nan."

Ma'aikacin ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya ce, "Ya ammi, baffa, ka je Mosko?"

Baba ya ce, "Na je ɗakinsu. Bai kai zauren gidana biyu ba."

Aka kai mu wani ofis, aka kira babbansu. Ya jera littattafan biyu, ya ɗauki lokaci yana gwada hatimi da hatimi, ya ga ba kwanan watan shiga, ba na fita, ɗaya ma da hoton tsuntsu. Ya tambayi Baba me ya sa ya miƙa na gasken. Baba ya ba shi labarin bakin Bahar Maliya, a taƙaice, ba kuka ba roƙo. Mutumin ya rufe littattafan biyu. Sannan ya ce dole a riƙe fasfon don an ɓata shi, mu koma Madina mu jira kira.

Sati uku muka yi. Baba bai fasa zuwa Harami ba ko sau ɗaya, amma na lura jakar fatar tana nan a wuyansa ba komai a ciki, kuma ya rage cin abinci. Ranar da aka kira mu, aka ba shi takarda ya sa hannu cewa ba zai sake ba, aka miƙo masa sabon fasfo. Ba wanda ya taɓo zancen fayil. Ma'aikacin da ya ba shi ya ce, "Kai ne tsohon da ya kai ƙarar kansa a Jidda? An rubuta a nan." Muna fita Baba ya zauna a kan matakala, ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Na tsaya gefe na bar shi.

Na sha tunanin abin nan. Mutanen can sun gina duniya ƙarama a bakin ruwa, inda za ka fita daga wannan ƙasa ka shiga waccan da murmushi kawai, suka yi ta da kyau har wani tsoho da iyakoki suka wahalar ya yarda da ita. Ban ga laifinsu ba, ban ga nasa ba. Laifin da na gani nawa ne, da na ɗauka duk matsala ana rufe ta ne da fenti. Da ya bi tawa, da wata rana wani ya gano, kuma ba littafin wasan da zai cece mu. Tun daga lokacin, in zan sayar da bas, ni nake fara kai mai saye wurin da injin ke yoyo. Wasu sun juya sun tafi. Waɗanda suka tsaya, 'ya'yansu ne ke saye a wurina yanzu.

Shi kuwa Baba, har ya bar duniya, in tsofaffin Ƙurban suka fara alfaharin tafiye-tafiye bayan la'asar, sai ya bari su gama, ya gyara zama ya ce, "Duk ku yi shiru. A cikinku wa ya taɓa shiga ƙasa goma sha ɗaya da alwala ɗaya?"