Kashe Fitila da Kashe Maciji

Ana sallame sallar asuba muka bar Kazaure, ni da yayata. Ita ke kula da injin da makarantun ƙungiyarmu uku ke ajiye sakamakon jarrabawa a ciki. Ba inji ne da ake taɓawa ba. Kwamfuta ce da aka yi haya a girgije, ta intanet ake shigarta. Duk makin ɗalibai yana can, har da nawa na lissafi, wanda ko kaza ta gani ba za ta tsaya tsinta ba, kuma Baba bai gan shi ba tukuna.

Ɗan acaɓan da ya kai mu Roni gudu yake kamar hanyar gadonsa ce. Gero ya yi kore hagu da dama, amma ni gyalen Yaya kawai na gani, ya naɗe mini fuska. Muka ci ƙosai mai zafi a bakin tasha, yajinsa ya sa na tuna laifuffukana na shekara uku. A makarantar ƙungiyarmu ta Roni Yaya ta bar ni a waje ta shiga ofishin hedimasta, sai na ga ya fito fuska a ɗaure. Ban san dalili ba.

Motar Babura kuwa, mu da buhunan hatsi da wani ɗan akuya da ya zaɓi cinyata muka cika ta. A kasuwa na tambayi kuɗin fura, mai furar ta dube ni ta ce, "Naira ko sefa?" Na ji kamar na fita ƙasar waje.

Hedimastan can dattijo ne mai fara'a. Ya buɗe kwamfutarsa ya ce, "'Yata, kin ce a riƙa kashe injin idan an yi hutu. To, ga shi yau zan kashe a gabanki."

Maɓallai biyu ne a shafin, kuma da Hausa duk kashewa ce. Ɗaya kashe fitila, gobe ka kunna. Ɗaya kashe maciji, ba ya tashi, komai na ciki ya tafi. Malam ya nufi na macijin. Na gani sarai, na kuma yi shiru, ina ta addu'ar Allah ya ba yatsansa ƙarfi. Ya danna. Aka tambaye shi ko ya tabbata, ya ce, "Ƙwarai kuwa," ya sake dannawa.

Sai jan rubutu ya fito: ba shi da izini.

Yaya ko gezau. Ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, tun jiya na cire wa kowa ikon gogewa. Kunnawa da tsayarwa suna hannunku. Gogewa kuwa sai ni da shugaban ƙungiya mun yarda tare. Na zo ne in faɗa muku baki da baki, don ba maganar waya ba ce."

Da ya fahimci abin da ya kusa aikatawa, ya cire hula ya share gumi ya ce, "Wahalar yara ta shekara guda! Allah ya yi miki albarka." Na ce amin da ƙaramar murya.

Kafin magariba muka iso gida, ina warin akuya. Abin da na koyo shi ne, ba kowane hannu ake bai wa maɓallin maciji ba, ko da na mutumin kirki ne, balle irin nawa. Makin lissafina yana nan da ransa. Yaya ta buga shi a takarda, yanzu haka Baba yana neman tabaransa.