Mutumin da Bai Taɓa Cewa "Jama'a" Ba

Kafin a buɗe ƙofofi, kafin masu sayar da ruwa su jera robobinsu, filin ƙwallo yana da wata kama da ba kowa ya taɓa gani ba. Kujeru jere har sama babu mai zama, raɓa kwance a kan ciyawa, tantabaru suna kuka a ƙarƙashin rufin kwano. A irin wannan lokacin ne Baba Lasifika yake hawa matakala sannu a hankali, da fulas ɗin ruwan ɗumi a hammata, har ya isa ɗan ɗakin gilashin da ke can ƙololuwa, inda mai sanarwa yake zama. Ya goge gilashin da hannun riga. Ya hura makirufo. Sai ya ce wa filin da babu kowa, "Ina kwana?" Muryar ta tafi ta bugi bangon ƙetare, ta dawo masa a makare, kamar wani tsoho ne yake amsawa daga bayan gajimare. Mai yankan ciyawa ya ce har gobe in ya shigo da sassafe yakan kashe injinsa ya tsaya, kunnensa yana jiran wannan gaisuwa.

Ba zai sake jin ta ba. A wannan watan Baba Lasifika ya ajiye aiki, bayan ya tsufa yana sanar da wasan ƙwallo a babban fili da damben safar hannu a zauren da ke gefensa. Muryarsa ita ce duk abin da ya mallaka na sana'a, murya mai kauri da ɗumi, wadda in ta sauko daga lasifika sai ka ji kamar kawunka ne ya dafa maka kafaɗa. Ya san tana dab da ƙarewa, likita ta gaya masa. Yadda ya kashe ragowarta shi ne dalilin wannan jinjina.

Tun muna 'yan makaranta ake nanata mana cewa taro dabba ne, ba shi da kunne, sai dai baya, kuma bayan nan kulki kawai yake ji. Manyan mutane masu manyan takardu sun faɗa, mun haddace, mun ci jarrabawa da shi. Sai dai wanda ya ƙirƙiro maganar, ina zargin daga nesa yake tsaye. Daga ɗakin gilashi Baba Lasifika bai taɓa ganin dabba ba. Yakan zo da wuri ne don ya kalli mutane suna shigowa ɗaya bayan ɗaya: tela da ya rufe shago ya gudo, direba da har yanzu makulli ke hannunsa, uba riƙe da hannun 'yarsa. Kafin a busa usur ya riga ya san wanda ya zo da fushi daga gida da wanda ya zo da zolaya.

Kowane mai sanarwa a duniya, in abu ya rikice, kalma ɗaya yake kamawa: "Jama'a! Jama'a, ku kwantar da hankalinku!" Baba Lasifika bai taɓa furta ta a makirufo ba. Ya ce in ka kira mutane jama'a, kowa sai ya ɗauka da na kusa da shi ake. In ka ce a kwantar da hankali kuwa, ka sanar da wanda bai sani ba cewa akwai abin tashin hankali. Shi ba ya cewa "ku". "Kai" yake cewa, ko "ke". Yakan tsamo mutum guda daga cikin dubbai, ya kira shi da launin rigarsa.

Masu zuwa dambe ba su manta da wata la'asar ba. Alƙalai sun ba baƙon ɗan dambe nasara, alhali kowa ya ga na gida ne ya fi kai naushi. Zaure ya ɗauki zafi, kujerun roba suka fara tashi sama, 'yan sanda a bakin ƙofa suka fara gyara kwalkwali. Sai muryar ta sauko, ba gaggawa, kamar mai hira a tsakar gida:

"Mai koriyar hula, kusa da igiya. E, kai, ba na bayanka ba. Kujerar da ka ɗaga ta ɗage maka riga, duk zauren nan yana kallon cibiyarka. Tubarkalla, an ci an ƙoshi."

Mutumin ya saki kujera ya ja riga ƙasa da hannu biyu. Dariya ta fashe tun daga gaba har baya. Wanda yake dariya kuwa hannunsa ba ya iya jifa. Mai koriyar hula yana nan da ransa, har yau Cibiya abokansa suke kiransa, kuma shi ne kan gaba wajen ba da labarin.

Kai ne, Baba, ka gane cewa mutum yakan ɓata a cikin taro kamar yaro a kasuwa, yana ta ihu ne don a gan shi. Kai ne mai gani.

Bara ne muryar ta fara dishewa. Likita ta leƙa maƙogwaronsa da 'yar fitila, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce akwai tsiro a jikin igiyoyin murya. Za a iya cirewa, muryar ta dawo, in dai ya lallaɓa ta kafin ranar aiki: ba ɗaga murya, ba doguwar magana, kuma ya guji hayaki kamar yadda ake gudun wuta.

"Baba, ba wasa nake ba," in ji ta. "In ka matsa mata sau ɗaya, ta tafi ke nan."

Matarsa, wadda ta raka shi, ta tafa hannu. "Likita, wa kike gaya wa ya yi shiru? Wannan da ko a barci sanar da canjin ɗan wasa yake yi? Malam, ka dai ji da kunnenka. Wallahi in ka dawo min bebe, ni ba zan koyi maganar hannu da tsufana ba."

"Wasa ɗaya ya rage a kakar nan," ya ce mata. "Sunaye kawai zan karanta in sauko."

Ranar wasan, rana ta yi laushi, iska tana kaɗawa daga gabas. Ya karanta sunaye a hankali, yana kurɓar ruwan ɗumi, tagar gilashi a rufe. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba baƙi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wani ya jefa robar ruwa, wani ya bi da dutse, dutsen ya fasa goshin mai ɗaga tuta. 'Yan sandan da ke tsaye a rana tun hantsi, yawancinsu samari ne sa'o'in waɗanda ke jifan, suka ga jini suka tsorata. Aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo. Iska ta ɗauki farin hayaƙin ta shimfiɗa shi a kan kujeru kamar mayafi, mutane suka zabura baki ɗaya suka nufi matakalar fita, wadda mutane kaɗan kawai take ɗauka a jere.

Babban jami'in 'yan sanda ya kira shi ta rediyon hannu. "Lasifika! Gaya musu su watse yanzu-yanzu, in ba haka ba a ƙara musu!"

"To, yallaɓai," in ji Baba.

Daga sama yana ganin abin da na ƙasa ba sa gani. Matakala ta cika ta toshe, na baya suna tura na gaba, na gaba ba su da inda za su. A ɗaya gefen kuma ga ciyawa shimfiɗe, koriya shar, faɗi guda babu kowa, sai dai shingen waya ya raba ta da mutane, kuma kowace ƙaramar ƙofa a jikin shingen da ɗan sanda tsaye da kulki. Amma hayaƙi ya lulluɓe gilashin, launin riguna ya gauraye, ba ya iya tsamo kowa. In ya bar taga a rufe maƙogwaronsa ya tsira, sai dai ba abin da zai iya cewa sai "jama'a". Ya dubi fulas ɗinsa, ya dubi tagar. Ya zuge ta.

"Mai farar riga a saman matakala, tsaya inda kake. Ba mai bin ka. Juya ka duba, ka gani? Babu kowa. Dafa ƙarfen nan, ka zama bango."

Mai farar riga ya tsaya.

"Dogo mai rigar gola, akwai yarinya a gaban gwiwarka. Ɗaga ta ka aza a wuya. Madalla. Hajiya mai shuɗin mayafi, ga 'yarki can sama, kin gan ta? Daina kutsawa, ba ta ɓata ba."

Tari ya sarƙe shi, aka ji shi a duk lasifikokin filin. Ya dawo.

"Ɗan sandan da ke ƙaramar ƙofar waya ta kusa da tuta. Kai, ɗana, mai goge ido da bayan hannu. Na san tun safe kake tsaye, ko ruwa ba ka sha ba. Ba kai suke nema ba, iska suke nema. Sauke kulkin. Zare sakatar, bar su su sauko kan ciyawa."

Waɗanda ke kusa sun ce saurayin ya ɗaga kai yana duban sama, kamar wanda mahaifinsa ya kira daga ɗaki. Ya rataye kulkin, ya zare sakatar. Na kusa da shi ya gani, shi ma ya zare tasa. Mutane suka fara gangarowa kan ciyawa, Baba yana juyo su daga matakala ɗaya bayan ɗaya, mai jar hula, mai sanƙo, mai takalmi ɗaya, muryar tana sirancewa, tana kankarewa, har ta koma kamar ana jan tsintsiya a kan siminti. Bai daina ba sai da matakala ta numfasa. Daga nan lasifika ta ci gaba da huci kawai, babu kalma.

Malamar jinya da ke kula da masu rauni a filin ta ce abin da ba za ta manta ba shi ne ciyawar. Mutane kwance birjik, magoya bayan gida da na baƙi, har da 'yan sanda sun cire kwalkwali, kowa yana hawaye yana kallon sama, tantabaru suna kewayawa a kansu cikin hasken yamma. Ta ɗaure karaya, ta farfaɗo da waɗanda suka suma. Ba ta rufe fuskar kowa da zane ba.

Babban jami'in ya hau har ɗakin gilashi, ya tarar da Baba zaune a ƙasa, ya jingina da bango.

"Ba abin da na ce ka faɗa ba ke nan, tsoho," in ji shi. Ya daɗe yana kallon filin ta tagar da ke buɗe. "Ashe haka ake gani daga nan. Ni daga ƙasa kawuna kawai nake gani." Shi ya riƙo Baba suka sauko.

Washegari muka ji a labarai cewa an shawo kan 'yan tarzoma. Haka ake rubuta irin wannan labari, mun saba. Ba a ce wa ya shawo kansu ba, ba a kuma ce da me ba.

An yi masa aikin, an cire tsiron, amma likita ta yi gaskiya. Abin da ya rage raɗa ce, sai ka kai kunne dab da bakinsa. Yanzu yana zaune a ƙofar ɗakinsa a kan kujerar igiya, masu gaisuwa suna zuwa, wasu bai san su ba sai sun ce, "Baba, ni ne mai sanƙo." Matarsa ce ta zama lasifikarsa. Yakan raɗa mata, ita kuma ta faɗa da ƙarfi, tana ƙara gishirinta. Da wani ya tambaye shi ko yana da-na-sanin zuge tagar, ya jawo ta ya yi mata raɗa mai tsawo.

"Wai ya ce da ma murya ta kira ce, kuma ya kira an amsa." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Sauran maganar tsakanina da shi ne. Ni dai na huta da surutu." Ta juya tana neman wani abu a cikin kwando, ta daɗe tana nema.

Mun gode, Baba Lasifika, murya mai dafa kafaɗa. Iyayen da suka kwana da 'ya'yansu a ranar sun gode, har da uwar ɗan sandan nan, wadda ɗanta ya koma gida hannunsa babu jinin kowa. Allah Ya saka maka, Ya ba ka tsufa mai sanyi.

Ku kuma masu riƙe da makirufo, da masu riƙe da kulki, da masu ba su umarni daga inuwa, ba a ce ku yi asarar abin da ya yi asara ba. Abin da ake roƙo ya fi haka sauƙi. Ran da mutane suka cika muku ido har kuka fara ganin dabba, ku daure ku nemi fuska guda. In ba ku san sunan mai ita ba, ai yana sanye da riga.